Yadda Ake Gane Tsuntsu Mai Shuɗiyar Fuska a Arewacin Ostireliya

Cikin dangin tsuntsaye masu shan ruwan fure na Ostireliya da Sabuwar Gini, waɗanda nau'o'insu suka kai kusan 190, akwai wanda masana ke kira Entomyzon cyanotis, kuma da shi ya fi dacewa sabon mai kallon tsuntsaye ya fara, domin alamarsa ba ta ɓuya.

Ka fita da asuba da madubin hangen nesa, ka nufi inda itatuwan turare ko ayaba suke fure, kamar kewayen birnin Darwin da gandun dajin Kakadu. Sau da yawa kunne ne yake riga ido, domin yakan fara kukansa mai kaifi tun gari bai waye ba. Idan ka ji shi, ka tsaya cik a gindin itace, rana na bayanka, ka jira reshe ya motsa.

Da zarar ya bayyana, fuska za ka fara duba. Babba yana da fata marar gashi, shuɗiya shar, kewaye da ido. Kansa da maƙogwaronsa baƙaƙe ne, da farin layi a ƙeya, bayansa kore-kore, cikinsa fari. Tsawonsa kusan santimita 30 ne. A nan ne mutane da dama suke kuskure, su ga fuska rawaya su ɗauka wani nau'i ne dabam, alhali ɗan tsuntsun ne bai girma ba. Fatar takan soma da rawaya, ta koma kore bayan kimanin wata 6, ba ta zama shuɗiya sosai sai wajen wata 16. Ni a ganina wannan sauyi ya fi komai daɗin lura, domin kana iya kimanta shekarun kowane ɗaya a cikin garke guda.

Ka lura da yadda yake cin abinci: yana maƙale wa reshe, wani lokaci kai a ƙasa, yana zura baki cikin fure, yana kuma korar ƙananan tsuntsaye. Na yankin Darwin suna nuna farin tabo a fukafukai idan sun tashi. Idan kuwa jikin ruwan ƙasa ne, fatar fuskar ta yi toka-toka, to wani ɗan uwansa ka gani, sai ka rubuta launin da wurin a littafinka kafin ya tashi.