Yadda Ake Gyaran Gashin Kare Mai Dogon Gashi

Sababbin masu kiwon kare mai dogon gashi da wanka suke farawa, kuma daga nan ɓarna take somawa. Duk ƙullin da ke ɓoye a gashi, da zarar ya sha ruwa ya bushe, sai ya ƙara tsukewa ya manne da fata. Don haka taza ce farko, ruwa ya biyo baya.

Kayan aiki biyu sun wadatar: buroshi mai siraran wayoyi, da mataji na ƙarfe mai haƙora manya a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya gefen. Kada ka ɓata kuɗinka a kan mataji na roba, lanƙwashewa yake yi ya tsallake ƙulli. In za ka kashe kuɗi, kashe a kan mataji, buroshi mai araha ma yana aiki.

Na sha ganin mutum ya shafe saman gashi da buroshi har ya yi sheƙi, ya ce ya gama, alhali in ka cusa yatsa ƙasa sai ka ji dunƙule mai tauri. Ga yadda ake yi. Kwantar da karen a gefensa. Ɗan fesa ruwa da aka sirka da man laushin gashi na karnuka, domin busasshen gashi karyewa yake yi. Fara daga ƙasan ƙafa, ka ɗaga gashin sama da tafin hannunka ka yi tsaga har sai ka ga fata da idonka. Taje ɗan abin da ke ƙasan tsagar, sannan ka saki wani layi kaɗan, ka sake tajewa. Haka za ka yi ta hawa har gadon baya. Bayan buroshi ka bi da mataji. Inda ya tsaya, aiki bai ƙare ba.

Wuraren da ƙulli ya fi so su ne bayan kunne, hamata, ƙarƙashin abin wuya, bayan cinya da gindin wutsiya, wato inda gashi ke gogar juna. In ka ci karo da shi, riƙe gashin daga tushe da yatsu biyu don kada ja ya kai ga fata, ka warware daga baki kana matsowa ciki. Karen da aka fizge sau ɗaya, gobe da ya ga mataji zai ɓuya.

Ƙullin da ya ƙi, kada ka kusance shi da almakashi. Fatar kare tana da laushi, ƙullin kan jawo ta sama ta shige cikinsa, sai ka yanka nama kana zaton gashi ne. A sa injin aski, ko a kai shi wurin likitan dabbobi. Amma kada a aske shi ƙwal saboda zafi in mai gashi hawa biyu ne, wato dogo a sama da gajere mai laushi a ƙarƙashinsa, irin karnukan Collie ko Golden Retriever: gashin na kare fatarsa daga rana, kuma ba lallai ya sake tsirowa daidai ba.

Sai wanka, duk mako 4 zuwa 6 ya isa. Ruwa mai ɗumi, shamfu na karnuka, domin na mutane yana busar musu da fata. Shafa shi bin kwanciyar gashi, kada ka cuɗa. Ɗauraye har ruwan ya fito garau, ragowar kumfa ita ke kawo ƙaiƙayi. Matse da tawul, ka busar da handiraya a kan iska mara zafi kana tajewa, har tushe, don danshin da ya maƙale yana jawo gyambo.

Daga ƙarshe rage gashin da ke tsakanin yatsun dagi da na kewayen dubura, ka duba kaska da ƙuma tunda fatar na buɗe. Taza kuwa aƙalla sau 3 a mako, kullum a lokacin da yake zubar da gashi.