Kugin da ke ƙaruwa da gudu a tsohuwar 504: kurakuran da na gaji da gani

Peugeot 504 ta fara fita a Faransa a 1968, daga baya aka shafe shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Shi ya sa har yau ba ta ƙare a hannun mutanenmu ba, wasu gadon mahaifi, wasu sha'awa. Kuma kusan duk matashin da ta faɗo hannunsa, kukan da yake zuwa da shi ɗaya ne: idan mota ta ɗauki gudu sai wani kugi ya taso daga ƙasa, yana ƙaruwa yadda gudun ke ƙaruwa.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai, shi ne sayen kaya kafin a saurari mota. Mutum zai shiga gareji ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa, bakanike ko kujerar direba bai zauna ba sai ya ce, "Alhaji, boris ne." Boris, wato zoben ƙarfen da wili ke juyawa a kansa. A sauya na gaba biyu, kugi na nan. A koma na baya, kugi na nan. Kuɗi sun tafi, an kuma cire boris na asali masu lafiya an dasa na kasuwa waɗanda ba su kai su ƙarko ba. Haba jama'a! Gwajin farko ko sisi ba ya ci. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka kai gudun da kugin ya fi tashi, ka mayar da giya firi ka ɗaga ƙafa daga totur, inji na aiki. Idan kugin ya faɗi tare da ƙarar inji, to ka nemi matsalarka a inji ko salansa. Idan ya ci gaba, yana raguwa a hankali yadda motar ke rage gudu, abin da ke juyawa da ƙafafun mota ne: taya, boris, farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya) ko aksil.

Daga nan sai ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Idan ka karya hagu nauyi kan koma dama, saboda haka kugin da ya ƙaru a lokacin galibi boris na dama ne. Galibi na ce, don a tsohuwar mota ƙara na bin ƙarfe ta ruɗi kunne. Ni al'adata in ɗauki mutum ɗaya ya zauna a kujerar baya, domin direba kusan kullum gaba yake zargi.

Taya kuwa ita ake mantawa da ita, alhali ta fi kowa iya kwaikwayon boris. Ka shafa tafin hannunka a kanta gaba da baya. Idan ka ji tudu da kwari, ko gefen zanen ya yi kaifi ta ɓangare ɗaya kamar haƙoran zarto, ka samu abin zargi. Ka kai wa mai faci ya mayar da na gaba baya. Idan kugin ya bi su, magana ta ƙare. Kugin taya yana sauya murya idan ka sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi, na boris ba ruwansa. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun da ya fara da DOT a gefenta, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Motar da ta daɗe a ajiye tayarta kan bushe ta yi tauri ko da zanen bai ci ba.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya ƙona ni, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi. Giyabos ɗin 504 mai giya huɗu man inji yake sha, wannan daidai ne. Amma aksil na baya ba haka ba. Haƙoransa irin masu gugar juna ne da ƙarfi, suna bukatar man aksil mai kauri, GL-5, irin 80W-90. Wani yaron gareji da na bar wa motata ya ga abin da aka zuba a giyabos, sai ya ɗura irinsa a aksil bai tambayi kowa ba. Ba a jima ba ta fara wani siririn kuka idan na taka totur, in na ɗaga ƙafa ya sauya murya. Da muka kwance notin zubar da mai, abin da ya fito baƙi ne ƙirin, tsararo, yana ƙyalli da garin ƙarfe a tafin hannu. Na ce masa, "Kai yaro, wa ya koya maka haka?" Ya ce ai mai mai ne. Aksil guda na nemo na gwanjo, da ƙyar. Tun ranar ba mai zuba wa motata mai sai ina tsaye, galan ɗin a hannuna. Ku riƙe alamar nan: kugin da ke sauyawa tsakanin taka totur da sakinsa a gudu ɗaya, aksil ne ake fara dubawa. Kuma kada wani ya ce maka mai kauri zai warkar da shi. Zai rage ƙarar na ɗan lokaci, haƙorin da ya ci kuwa ya ci.

A 504 farfela tana cikin wani dogon bututu ne, ba a ganinta, kuma tana da nata boris a tsakiya. Mutane da yawa ba su ma san yana nan ba. Boris na wili kuwa, girgiza taya a kan jak ba ya tabbatar da lafiyarsa, don yana iya kugi ba tare da ya yi lilo ba. Gara ka juya tayar da hannu ɗaya, ɗayan ka dafa sifirin, za ka ji gurzar a yatsunka. Bayan tafiya ka kusantar da hannu tsakiyar kowane wili, wanda ya fi sauran zafi ka bincike shi, amma ka tuna birki mai kamawa ma yana kawo zafi.

Masu ɗaga bayan mota a jak ɗaya su sa giya su leƙa ƙarƙashi don jin ƙara, don Allah ku daina. In babu rami ko ƙafafun ƙarfe masu ƙwari a ƙasa mai tauri, da duwatsu a tayoyin gaba, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar nan.