Yadda Ake Haɗa Ruwan Sanyaya Wuƙa a Injin Sassaƙar Ƙarfe

Ko injinka mai juya ƙarfen ne ko mai juya wuƙar, haɗin ɗaya ne.

1. Fara duba abin da za ka yanka. Ƙarfen zubi a bushe ake aikinsa, domin ƙurarsa in ta sha ruwa sai ta zama caɓi mai cin jikin inji. Tagulla ma yawanci ba ta buƙata. Alminiyam kuwa ɗan kananzir da buroshi ya ishe shi.

2. Wanke tankin ruwan sanyayawa na injin tas.

3. Zuba ruwa tukuna, sannan man da ke narkewa a ruwa ya biyo baya kaɗan-kaɗan, kana motsawa. Nan ne masu gaggawa ke yin kuskure: in ka kwara ruwa a kan man, haɗin ba zai kama ba, sai ka ga man yana yawo a sama. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ake so, wato lita 1 ta mai a lita 19 na ruwa in aikin mai sauƙi ne. Zai fito fari kamar madara.

4. Auna kaurinsa da rifraktomita, wato ƙaramar na'urar da ake ɗiga mata haɗin ta nuna yawan man da ke ciki. Ruwa ne ke ƙafewa ya bar man, don haka ƙari da tsinkakken haɗi za ka riƙa yi.

5. Kwashe man shafawar inji da ke taruwa a saman tankin duk mako. In ka bar shi, ranar da ka buɗe sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ka.

6. Bayan aiki, goge hanyar da teburin injin ke bi, ka shafa mata mai don kada ta yi tsatsa.