Darasi na Tara: Wace Na'urar Wasa ce Ke Tafiya a Kasuwa?

Wannan darasi na masu tsaron shagon kayan lantarki ne a Jidda, Makka da Madina, da iyayen da yara suka hana sakat da roƙo. Kafin ka zuba kuɗinka a kaya, ka san wa ke nemansu yau, kuma ko za a ci gaba da nemansu baɗi.

Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar na'urorin wasan bidiyo. Sony na Japan ke ƙera PlayStation. Nintendo, shi ma na Japan, ke ƙera Switch. Microsoft na Amurka ke da Xbox. PlayStation 5 da Xbox Series X da S duk a Nuwamba 2020 suka fito. Switch ta girme su, tun Maris 2017 take kasuwa, ƙanwarta Switch 2 kuma ta fito a Yuni 2025.

A duniya an sayar da Switch ta farko fiye da miliyan 150. PlayStation 5 ta wuce miliyan 80 a 2025. Microsoft kuwa ba ya faɗin adadin da ya sayar. To amma kada wannan lissafi ya ruɗe ka, domin 'yan unguwarku ne za su shigo shagon. A nan Saudiyya, yaro na shigowa zai ce, "Baba, akwai Soni?" PlayStation yake nufi. Ita abokansa ke da ita, da ita suke buga wasan ƙwallo na EA Sports FC, wanda ake kira FIFA kafin 2023, kuma suna aron faifai a tsakaninsu. Kayan da aka saba da su ba sa kwana a kanta.

A ganina ribar mai shago ba a jikin na'urar take ba, tunda manyan kantuna irin su Jarir sun riga sun tsayar da farashi. Ribar tana cikin abin da ke biyo baya: ƙarin hannu (abin da ake riƙewa a buga wasan), faifai, katin cika asusu, da gyara. Nan ne Xbox Series S ta gaza wa ɗan kasuwa. Ba ta da wurin sa faifai, mai ita ta intanet yake sayen wasa ko ya biya kuɗin wata na Game Pass, sai ka sayar sau ɗaya ka daina ganinsa. Switch kuwa iyaye sun fi saya wa ƙananan yara, don ana riƙe ta a hannu, ana tafiya da ita.

Batun gaba fa? Gwamnati na zuba kuɗi a harkar ta kamfanin Savvy, kuma a 2024 aka fara gasar duniya ta wasannin bidiyo a Riyadh. Masu wasa ba raguwa za su yi ba. Sai dai kowace na'ura tana tsufa. Tsakanin PlayStation 4 ta 2013 da PlayStation 5 shekara 7 ne, don haka kada ka jibge PlayStation 5 da yawa. Switch 2 yanzu ta fara tashe, ka ɗauko kaɗan ka ga yadda za ta karɓu.

Idan aka kawo maka tsohuwa, jona ta da talabijin a gaban mai ita. Buɗe wasa, ajiye hannun a tebur, kada ka taɓa. In ka ga ɗan wasan yana tafiya shi kaɗai, sandar hannun ta lalace, sai a rage kuɗi. Ka sa ya cire asusunsa kafin ya tafi. Haka in Hajiya ta zo sayen kati, tambaye ta, "Hajiya, asusun yaron na Saudiyya ne ko na Amurka?" Katin wata ƙasa ba ya shiga asusun wata.

Aikin gida: Harajin saye a Saudiyya kashi 15 cikin 100 ne. A ce na'ura riyal 2,000 ce kafin haraji, nawa mai saye zai biya? Sannan ka ja layi uku a littafinka, PlayStation, Switch, Xbox. Duk wanda ya tambayi ɗaya, ka sa alama a layinta har mako guda, ka zo da littafin aji.