Idan Ma'aikaci Ya Ce Maka "Oga, Injin Nan Ba Lafiya"

A wuraren casar shinkafa na Kura, Bunkure da Haɗeja, yaron da ke tsaye gaban inji tun safe shi ke fara jin ƙarar bel ta sauya, ko ƙaurin waya. Idan ya kawo maka magana, kai da ke kula da leburori, ajiye abin hannunka ka bi shi ka gani da idonka. Kar ka ce a bari sai an gama lodi. Kar kuma ka gwale shi a gaban mutane, ko da ta tabbata ba komai, domin gobe shiru zai yi.

Tambaye shi yaushe abin ya fara, kuma ko wani ya ji ciwo.

In matsalar ta shafi wuta ko bel, a kashe injin daga babban makunni, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun mai gyara. Nan ne ake yawan sakaci. An ɗauke wuta, inji ya tsaya, wani ya cusa hannu yana ciro ɓuntun da ya toshe, sai a dawo da wuta ko a tayar da janareta daga waje. Tsayawar inji ba kashewa ba ce. Bayan an kulle, a danna makunnin injin a tabbatar ba ya motsi kafin kowa ya taɓa.

Gyara ya zama na gaske. Bel ɗin da ba murfi a yi masa murfin ƙarfe, ba gargaɗin a tattare riga kawai ba. Janareta a fitar da shi fili, hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki. Takunkumi yana taimakawa, amma ƙura sai an buɗe mata hanyar fita.

Rubuta a littafi: rana, abin da aka gani, wanda zai gyara, da ranar gamawa. In kuɗin ya fi ƙarfinka, kai wa maigida a ranar, injin kuma ya zauna a kulle.

Idan har an samu rauni, asibiti tukuna. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba mai kamfani kwana 7 ya sanar da NSITF, hukumar gwamnati mai kula da biyan diyyar.

Da an gama gyara, kira wanda ya kawo rahoton ya duba, a kunna injin a gabansa.