Filtar kamfani ko ta kasuwa: wacce za ka sa wa motarka?

'Yan uwa, tambayar nan ta yawaita, bari in faɗi nawa ra'ayin.

Galibin masu ƙera motoci ba su ne ke yin filta da kansu ba. Denso na yi wa Toyota, Mann da Mahle kuwa na yi wa yawancin motocin Jamus. Saboda haka filtar da ta fito daga irin waɗannan kamfanonin, ko babu tambarin motarka a jiki, lafiyarta ƙalau muddin lambarta ta dace da injinka.

Abin gudu shi ne jabu da mai arhar banza. A cikin filtar baƙin mai akwai bawul ɗin da ke riƙe mai idan an kashe mota, don kada inji ya tashi a bushe da safe. Akwai kuma wanda ke buɗewa idan takardar tace mai da ke cikin filtar ta toshe, don mai ya ci gaba da wucewa. A ta jabu, robar bawul ɗin riƙe man ke saurin tauri, shi ya sa za ka ji inji na ƙara 'yan daƙiƙu bayan tayarwa. Can ake cin inji a hankali.

Ita filtar iska mai wankewa da ake shafa wa mai, ni dai ban cika so ba; in man ya yi yawa yakan ɓata sensar iska, wato na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji.

In motarka na ƙarƙashin garanti, tsaya kan ta kamfani. Kuma a wurin juyen mai ka tabbata robar bakin tsohuwar filtar ba ta maƙale a jikin inji ba kafin makanike ya ɗaura sabuwa.