Kurakuran da aka fi yi wajen kama otal a bakin teku a Zanzibar

Yawancin masu kama otal a Zanzibar hoto suke bi: farin rairayi, ga ruwa shuɗi ya zo har gindin bishiyar kwakwa. Hoton gaskiya ne, sai dai an ɗauke shi a lokacin da teku ya cika. Bayan sa'a shida, a gaɓar gabas ta Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, ruwan nan kan janye ɗaruruwan mitoci, a wasu wuraren har ya wuce kilomita guda, ya bar fili na jiƙaƙƙen yashi da duwatsu da ciyawar teku. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya riƙa fitowa daga ɗaki yana faɗawa ruwa, sai ya tarar tekun yana can nesa. Wannan shi ne kuskure mafi girma, kuma tun kafin a duba sunan otal ake yin sa, wato lokacin zaɓen ɓangaren tsibirin.

A gabas, wajen Paje, Jambiani, Matemwe da Kiwengwa, ƙasan teku shimfiɗe yake babu zurfi, daga gaɓa har zuwa wani shingen duwatsun murjani da ke can ciki. Bambancin cikar ruwa da janyewarsa a Zanzibar kan kai kusan mita huɗu idan ya yi ƙarfi, don haka da ruwan ya sauka sai filin ya bayyana gaba ɗaya. A arewa kuwa, Kendwa da yammacin Nungwi, ƙasan yana gangarawa da sauri, shi ya sa ake iya iyo kusan kowane lokaci. Idan iyo ne ya kai ka, can za ka nufa. Idan shiru kake so, ko kana da yara ƙanana da za su yi wasa a ruwa marar zurfi, gabas ta fi, muddin ka san abin da ka saya.

Teku yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Ƙarfin abin yana bin wata: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa, kuma a waɗannan kwanakin janyewar takan faɗo tsakanin hantsi da tsakar rana. Nemi jadawalin cikar teku na Zanzibar a intanet, ka duba ranakun da za ka yi. Idan gabas ka zaɓa, kada ka kama otal marar wurin iyo nasa, kuma ka tafi da takalmin roba mai rufe ƙafa. Akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙalewa tsakanin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa, cire ta aiki ne.

Arewa ma tana da nata tarkon. Wasu otal-otal na Nungwi a kan tudun dutse suke, sai an bi matakala ake sauka, kuma idan ruwa ya cika yakan cinye rairayin har ya bugi dutsen. Ga mai tafiya da tsoho ko mai ciwon gwiwa, a tambayi yawan matakalar tun kafin a biya.

Sai rikicin sunayen ɗakuna. Ɗaki "mai kallon teku" yana iya zama a bene na uku a jeri na baya, inda sai ka leƙa ta gefen baranda za ka hango ruwa. Wani otal ma yakan ce yana bakin teku alhali akwai hanya ko wani gini a tsakani. Buɗe Google Maps, ka juya shi zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka ga inda ginin yake da idonka. Daga nan ka rubuta wa otal ɗin, ka nemi taswirar ɗakunansu da hoton da aka ɗauka daga ƙofar irin ɗakin da za su ba ka. Amsarsu ta zama a rubuce. Kuma mai son ganin faɗuwar rana a kan ruwa ya sani a Kendwa da yammacin Nungwi ake samunta, gabas fitowar rana gare ta.

Idan ka ga farashi ya faɗi warwas a watan Afrilu ko Mayu, ba alheri aka yi maka ba, lokacin babbar damina ne, wadda ke farawa daga tsakiyar Maris, har wasu otal-otal kan rufe don gyara. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, ruwanta yakan zuba ya ɗauke. Yuni zuwa Oktoba sun fi sanyi da ƙarancin ruwan sama, amma iskar kudu da mutanen wurin ke kira kusi tana kaɗawa sosai a gabas, shi ya sa Paje ke cika da masu wasan zamiya a kan ruwa da iska ke jan su. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne, kuma a ƙarshen shekara farashi yana kai ƙololuwa.

Mutanenmu sun fi yin asara a tsarin abinci. Tsarin da ake biyan komai a dunƙule yana da tsada ne saboda an lissafa giya a ciki, wanda ba ya sha yana biya wa masu sha ke nan. A Nungwi ko Paje, inda gidajen abinci suke kusa, karin kumallo da abincin dare sun wadatar. Idan otal ɗin a keɓe yake, babu komai kusa sai an hau mota, to nan biyan komai a dunƙule yana da amfani. Kada kuma a ce tun da mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, duk abin da ke kan tebur halal ne. Manyan wuraren shaƙatawa suna dafa wa baƙi daga Turai, wasu suna ajiye naman alade. A tambaya kai tsaye, a tambayi nisan masallacin Juma'a, sannan idan da iyali za a je, a bincika ko wurin yana karɓar yara, domin akwai waɗanda manya kaɗai suke karɓa. Kendwa ta yi suna da casun dare idan wata ya cika, kiɗa har asuba. Ango da amarya masu neman natsuwa su nisanci otal ɗin da ke maƙwabtaka da wurin.

Ɗakin da aka yi wa rufin ganyen kwakwa yana da kyau a ido, amma ka tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki, ba fanka kaɗai ba, da gidan sauro marar huji. Wutar tsibirin daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta waya a ƙarƙashin teku, kuma ana ɗauke ta. Tambayar ba ita ce ko suna da janareta ba, a'a, ko janaretan yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. A sharhin baƙi, bar masu yabo, ka karanta ƙorafin watanni shida na baya-bayan nan. Idan mutum uku sun ambaci ruwan famfo mai gishiri ko ginin da ake yi a maƙwabta, ka yarda.

Farashin da ka gani a shafi ba shi ne ƙarshe ba. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi ce, a daidaita kuɗin mota kafin a sauka. Akwai harajin 'yan daloli a kan kowane mutum a kowane dare, wanda galibi a otal ake karɓa. Tun daga Oktoban 2024 kuma dole baƙo ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar.

Mai fasfo na Najeriya ko Nijar kada ya biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa kafin bizarsa ta fito. Ba a ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun da wuri an jira amincewar hukumar shige da fice ta Tanzaniya, kuma abin yana iya ɗaukar makonni. A kama ɗakin da ake iya sokewa kyauta, a rubuta ranar ƙarshe ta sokewar, a haɗa katin rigakafin shawara da fasfo wuri guda.